Fartanya a Gurbin Babur

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ni, Garzali ɗan Abdulsamad, tsohon ma'aikacin ɗakin karatu a birnin Kano, mai cin fensho a watan da aka tuna da shi, mamallakin 'yan fangalin albasa a bakin kanal, ina shelanta wa wannan littafi, tunda shi kaɗai ne ba ya katse mini magana, cewa yau an keta haddin babbar riga. Farar shadda ce, jiya aka karɓo ta daga wajen masu bugu. Yanzu tana cikin daro, matata Rekiya tana dirza ta tana dariyar da take zaton ba na ji.

Ga yadda abin ya auku. An gayyace ni in yi jawabi a walimar saukar karatu ta wata Islamiyya a Kura. Na ce bari in biya in leƙa albasa tukuna. Na jingine Ingarma, wato babur ɗina, a gindin darbejiyar da kowa ke ajiye nasa, makulli a jiki kamar yadda kowa ke yi. Na kewaya gona, na dawo, babu Ingarma. A gurbinsa babu wani abu da ya cancanci a ambata a littafi irin wannan.

Haka na hau bayan akori-kura, tsakanin kwandunan tumatir, jawabi a aljihu. Direban bai bar rami ko ɗaya bai gaishe shi ba. Na isa an riga an shafa fatiha, an fara rabon shinkafa. Wani yaro ya dubi bayan rigata ya tambaye ni ko haɗari muka yi.

Daga nan caji ofis na wuce. Na ba da rahoto cikin Hausa mai tsabta, har ɗan sandan ya ce in rage fi'ili. Da la'asar muka taho da shi ya ga wurin da abin ya faru. Muna isa gindin darbejiya sai ga Ingarma yana tahowa, Mika'ilu a kansa, da kwalbar fetur a rataye a hannu. Mika'ilu ɗan marigayi Ɗanladi, maƙwabcina na gona, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu. Ya sauka yana murmushi, ya durƙusa zai gaishe ni, ɗan sandan ya riƙe masa kafaɗa.

Mika'ilu ya dube ni. Na dubi albasa.

Kwana ɗaya a can ba zai kashe shi ba. Ladabi ma karatu ne.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ɗanbaba, shugaban ƙungiyarmu ta masu ban ruwa, ya zo tun da hantsi, bai ko karɓi tabarma ba. Ya ce bakin kanal ne ya ɓalle jiya ta wajen gonar Mika'ilu, ruwa yana shirin cinye tumatir ɗin mutum huɗu, mai makullin ƙofar ruwa kuma ya tafi Bunkure, wayarsa a kashe. Shi ne Mika'ilu ya hau babur ɗin da ya fi kusa ya je ya ɗauko shi.

Sannan ya karanta mini al'ada, kamar ba a nan aka binne cibiyata ba. Wanda larura ta kama a bakin ruwa ya hau duk babur ɗin da ya samu a gindin darbejiya, ya ajiye fartanyarsa a gurbin don mai shi ya san hannun da ya ɗauka, idan ya dawo ya haɗo da kwalbar fetur. Kowace fartanya a nan an san mai ita. Tun zamanin kekuna haka ake yi. Ni da kaina na taɓa ajiye ta mahaifina na hau keken mahaifin Ɗanbaba.

Ya ce Mika'ilu ya rantse ya bar tasa, mai jan zare a ƙota. An duba ba a gani ba.

"Malam, ba ka gan ta ba?"

Na yi masa bayani mai tsawo a kan bambancin aro da ɗauka, da yadda al'ummu ke rushewa idan suka raina haƙƙin mallaka, na kawo misali da dauloli uku. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma fartanyar fa? Na ce ni ba mai gadin fartanyoyi ba ne.

Tana bayan littattafai. Layi na biyu daga ƙasa, bayan ƙamus. A buhun albasa na sako ta tun kafin in hau akori-kura, na aiko da buhun gida. Nufina kawai ya zo ya roƙe ni kafin in ba shi. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Talata, 14 ga Janairu

An kai shi kotun majistare. Ban zaci abin zai kai nan ba. Na ɗauka za a yi masa faɗa, ya share harabar caji ofis, a sako shi. Ashe satar babura ta yi yawa a yankin nan bana, duk wanda aka kama yanzu gaban mai shari'a ake kai shi kai tsaye.

Ɗakin kotun bai kai zauren mai unguwa ba. Fanka ɗaya, ita ma ta yi ritaya kamar ni. Mai shari'ar mace ce mai tabarau, muryarta ba ta tashi, sai mutum ya miƙa wuya yake jin makomarsa. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara, Sufeto Lukmanu, ya karanta tuhuma. Jin sunana a cikinta ya yi mini daɗi na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba. Ya faɗe shi daidai, har da Malam.

Aka tambayi Mika'ilu ko ya amsa laifi. Ya ce ya ɗauka, amma bai sata ba, ya bar fartanya. Aka yi dariya a bayan ɗaki. Sufeton ya ce 'yan sanda sun duba wurin ba su ga fartanya ba, kuma ko da sun gani, bai san dokar da ta ce fartanya takardar izini ce ba. Mai shari'a ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wani abu. Ta ba da beli bisa sharaɗin mutum biyu su tsaya masa, ɗaya ya kasance ma'aikacin gwamnati ko wanda ya yi ritaya da takardunsa. Ta ɗage zuwa uku ga watan gobe.

A duk unguwarmu mutum ɗaya ne ke da irin waɗannan takardu. Shi ne kuma mai ƙara.

Ingarma yana harabar kotu a matsayin shaida, an rubuta masa lamba da alli a tanki. Na nemi in tafi da shi, magatakarda ya ce shaida ba ta fita sai an gama shari'a. Wato da ɓarawon gaske ne ya ɗauke shi, da aƙalla wani yana amfana da shi.

Na dawo a motar haya, a kujerar da ake cusa mutum huɗu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Rekiya ta share ɗakin littattafai yau. Miyar ba gishiri.

Litinin, 20 ga Janairu

Na je wajen Sufeto Lukmanu da nufin janye ƙara, cikin karamci irin na manya. Na ce na yafe. Ya ce Allah ya saka, amma ƙarar ta tashi daga tawa ta zama ta hukuma, ni yanzu shaida ne kawai, kamar babur ɗin. Na ce to a ƙaddara, a misali, don ilimi kawai, wani mai ƙara ya tuna cewa ya ga wata alama a wurin, wadda ya manta bai ambata ba. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Baba, wanda ya kawo wa hukuma rahoton da ya san ba haka yake ba, shi ma akwai sashen da ke jiransa. A misali."

Na ce ai shi ya sa na ce a misali. Muka yi sallama cikin mutunta juna.

Shekara sittin da bakwai ban taɓa tsayawa a inda Mika'ilu ya tsaya ba. Ni da ake kira in yi wa ɗalibai nasiha a kan gaskiya. Na yi ta hasashen yadda za a faɗi labarin a majalisar mai shayi, da muryar da za a kwaikwaya, tawa, wadda na san tana da sauƙin kwaikwayo.

Gwiwoyina suna ciwo. Tafiyar ƙasa zuwa gona ba ta dace da mai ilimi ba, ba ta kuma dace da marar ilimi mai irin shekaruna ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Na koma kotu, ba don ranarmu ba ce. Na gaya wa Rekiya zan duba lafiyar Ingarma. Lafiyarsa: tayar baya ta sace, wata kaza ta kafa gwamnati a ƙarƙashin injinsa. Yana cikin 'yan'uwansa shaidu, babura sun fi ashirin, adaidaita sahu uku, da wata akori-kura da ciyawa ta tsiro a bayanta har ta yi fure.

Na zauna a bencin baya na saurari shari'o'in yini. Bari in adana su don amfanin tarihi, wanda bai nema ba.

Wani da ya ɗauke adaidaita sahu a ƙofar masallaci ana sallar Juma'a, ya wargaza shi ya sayar gunduwa-gunduwa: shekara uku, babu zaɓin tara. Bai motsa ba. Mahaifiyarsa ce ta zauna a ƙasa.

Samari biyu da suka tura babur ɗin wani manomin shinkafa daga Kadawa har titi, don sun kasa tayar da shi: sun amsa laifi, wata goma sha takwas ko tara. Ɗayansu ya tambaya ko za a cire musu wahalar turawa. Ba a cire ba.

Wani makanike da aka ba shi gyaran mota ya sayar da ita, ya ce wa mai ita tana nan tana shan iska: shekara ɗaya, kuma ya biya diyya.

Sai wani dattijo da ya musanta tuhuma tun damina. An sake ɗagewa, mai shaida ya yi tafiya. Ya gode wa kotu, aka mayar da shi. Yadda ya gode ɗin ne ya tsaya mini a rai.

Wani kuma aka sallame shi don mai ƙara ya daina zuwa. Na tambayi magatakarda sau nawa mai ƙara zai ƙi zuwa kafin a yi haka. Ya ce wannan tun bara ake jiran nasa.

Abin da na fahimta a taƙaice: wanda ya amsa yakan san ranar fitarsa, wanda ya musanta sai ya jira. Da ni aka ba aikin tsara littattafan wannan gida, da ban san a wane kanta zan sa wannan babi ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na lura da wani abu a gindin darbejiya. Babura bakwai, babu ko ɗaya da makulli a jiki. Wani ma har sarƙa ya ɗaure nasa da ita a jikin bishiya. Ba tsoron ɓarawo suke ba. Ɗanbaba ya ce kowa na tsoron kada ɗansa ya hau na wani a kai shi inda aka kai Mika'ilu, shi ne suka ce gara kowa ya cire, a huta. Shekaranjiya injin ban ruwan wani ya tsaya ana tsakiyar rabonsa, da ƙafa ya je neman makanike, kafin ya dawo ruwa ya wuce shi.

Ana gaishe ni kamar kullum. Gaisuwar ce ta gajarce. Da ana tambayata labarin duniya, in yi bayani har a manta da aiki. Yanzu ina gajiya, ba gajiya, shi ke nan.

Tumatir ɗin Mika'ilu ya fara nuna. Maƙwabta suna taimakawa da tsinka idan sun gama nasu, amma kowa nasa ya nuna a lokaci guda. Wanda ya faɗi ƙasa yana ruɓewa, warinsa har gonata.

Yau rabon ruwana ne. Bisa kuskure na buɗe bakin da ke shiga gonarsa, kuma bisa kuskure na zauna har ta sha. Albasa tana da haƙuri.

Litinin, 27 ga Janairu

Na tarar da ƙamus an sauke shi an ajiye a kan tebur, ƙotar tana leƙowa da jan zarenta. Na mayar da ƙamus. Na ce wa Rekiya littattafai suna da tsarin da ba kowa ya sani ba. Ta ce ita ma tsintsiya tana da nata.

Alhamis, 30 ga Janairu

Iya Asta, mahaifiyar Mika'ilu, ta zo. Na so a ce ba na nan, amma tarina ya riga ya yi sallama a madadina. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Ta kawo kwanon tumatir, ta ce na gonar ne, a yi miya kafin ya lalace.

Na shirya wa zagi. Na ma tanadi amsoshi. Ba ta zage ni ba. Ta tambayi gwiwoyina, ta ce ta ga ina ɗingishi a hanyar gona. Sannan ta ce ta je ta gano shi jiya. Ya rame, amma yana cin abinci. Khaulat, matarsa, ta daina aika babban yaron makarantar allo, don yara sun fara kiransa da wani suna. Ba ta faɗi sunan ba.

Sai ta zo kan abin da ya kawo ta. Mutanen da suke tsare tare sun ba shi shawara, ya kuma karɓa: ranar Litinin zai ce ya amsa laifi. An ce masa tunda babur ya dawo hannu, ba zai wuce 'yan watanni ba, wataƙila ma da zaɓin tara, dangi su haɗa. In ya ci gaba da musu kuwa, sai a kai damina ana ɗagewa.

Na ce amma ai sunan zai bi shi. Wanda kotu ta rubuta ɓarawo, ko jikokinsa sai an tuna musu.

"Na gaya masa, Malam. Ya ce tunda fartanyar ta ɓata, maganarsa ce da taka. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutane ya ƙaryata abokin babansa ba."

Ta tashi ta karkaɗe zane. A bakin zaure ta waiwayo ta ce fartanyar ma ta Ɗanladi ce, shi ya ɗaura mata zaren nan da hannunsa, ita ɓatanta ya fi yi mata ciwo a kan tumatir.

Na sani. Ina zaune a gefensa ranar da ya ɗaura. Daga hular da ta tsufa ya warware shi.

Rekiya ta yi miyar. Ban iya ci ba. Na ce ƙwannafi ne.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na yini ina tsara jawabin da zan yi gobe, in har na yanke shawarar yin jawabi, wanda ban yanke ba. Ya kai shafi huɗu. Na faro daga tarihin noman rani a ƙasar Kano, na gangaro kan matsayin al'ada a idon shari'a, na nuna cewa mantuwa ɗabi'a ce ta manyan masana. A shafi na uku fartanya take shigowa, a hankali, ta yadda mai sauraro ba zai lura da hannun da ya ɗauke ta ba.

Na karanta wa Rekiya. Ta ce yana da daɗi, amma ita ba ta gane ba, wa ya ɓoye ta?

Shekara arba'in ina aure da mai sukar adabi ban sani ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na naɗe ta a tsohuwar jarida, na sa farar rigar nan, wadda har yanzu tana da inuwar taswira a baya. Mai gadin ƙofar kotu ya kwance jaridar ya ce ba a shiga da makami. Na ce shaida ce. Ya ce ta wa? Na ce tawa, a kaina. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce in riƙe ta ƙasa-ƙasa.

Ɗanbaba yana ciki, da Iya Asta, da rabin majalisar mai shayi. Aka shigo da Mika'ilu. Rigar da aka kama shi da ita ce a jikinsa, ta yi masa yawa yanzu. Magatakarda ya kira ƙara, Sufeto ya miƙe ya ce yana da labarin wanda ake tuhuma yana so ya sauya amsarsa. Mai shari'a ta juya wajen Mika'ilu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Gwiwar ma ba ta yi ƙara ba, ko ta yi ban ji ba. Masinja ya ce in zauna. Mai shari'a ta ce a bar ni, ta sa aka rantsar da ni. Na laluba aljihu, jawabin yana nan, shafi huɗu. Na ɗaga fartanyar.

"Ranki ya daɗe, ya bar ta. Na gani. Ni na ɗauke."

Iyakar abin da ya fito ke nan. Ni da aka sani da cewa in na fara gabatarwa sai an kira sallah.

Daga waje aka jiyo kukan kazar nan. Mai shari'a ta tambaye ni ko na san ma'anar ajiye fartanya a wurinmu tun kafin in kai rahoto. Na ce na sani. Ta ce ko barin makulli a jiki yana nufin na yarda da wannan tsari. Na ce haka yake nufi. Ta ce to me ya sa? Na ce riga. Ta ce me? Na juya na nuna mata bayana. Wani ya fashe da dariya, masinja ya tsawata, shi ma bakinsa yana rawa.

Aka kira Ɗanbaba ya bayyana al'adar, ya yi a jimla biyar, abin da ya ba ni haushi. Iya Asta ta shaida zaren. Sufeto Lukmanu ya ce ba shi da ja. Mai shari'a ta yi rubutu mai tsawo, sannan ta karanta da muryar nan tata: babu niyyar sata, an sallami wanda ake tuhuma, an kuma wanke shi.

Sai ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce doka ta ba da dama a tuhume ni, kuma da tana da ɗakin da ba kowa a ciki da ta yi tunani. Ta ce mutum ya kwana ashirin da uku a tsare saboda wanki. Ta ce in je, Baba, shekaruna da idon mutanen garinmu sun ishe ni.

Ko tara ba ta ci ni ba. Na tsaya ina jira, masinja ya ja hannun rigata.

An karɓe fartanyar. Ta zama shaida, an rubuta mata lamba da alli. Magatakarda ya ce sai wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce.

A waje Mika'ilu ya zo ya durƙusa, ya ƙarasa gaisuwar da aka katse masa a gindin darbejiya. Bai ɗago ido ba. Ya ce, "Baba, da na san kana da taro, da da ƙafa na je." Iya Asta ta kama hannunsa suka tafi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An ce a majalisar mai shayi har mutum uku ke takarar kwaikwayon yadda na juya baya. An ce na Ɗanbaba ya fi kama. Ban je na tantance ba.

Mika'ilu ya koma gona. Abin da ya rage na tumatir bai kai rabi ba. Da aron fartanya yake aiki. Muna gaisawa ta kan kunya, gajeriya.

Na biya ta wajen maƙeri don wata bukata tawa. Ya nuna mini wata da ya ƙera, na saya don kada ya ji kunya. Da yake ba ni da wurin ajiye ta, na jingine ta a zauren wani gida da na wuce. Ban lura ko gidan wa ba ne. Zaren da na ɗaura mata kore ne, ja ya ƙare.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An sako Ingarma. Kazar ta ɗaukaka ƙara, an kore ta. Makanike ya ce in yi masa addu'a.

Talata, 18 ga Fabrairu

Mako guda ke nan ina ajiye Ingarma a gindin darbejiya da makulli a jiki. Mantuwa ce ta tsufa, kada wani ya fassara ta. Shi kaɗai ne mai makulli a cikin babura tara. Ba wanda ya taɓa shi. Har kewaye shi ake yi, kamar rijiyar da ba ta da murfi. Shekaranjiya na ga wani yana gudu da ƙafa zuwa titi, ya wuce ta gabansa, bai ko kalle shi ba. Na kusa kiransa, sai na tuna ni ne.

Yau na daɗe a cikin albasa, ta fara kwantar da ganye. Da na fito, babu Ingarma.

A gurbinsa akwai fartanya, sabuwa, an kafa ta tsaye a ƙasa yadda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita. Koren zare.

Ina da wurin zuwa, a gaskiya. An gayyace ni ɗaurin aure a Bunkure, kuma an ce zan yi jawabi. Na zauna a gefenta a kan tushen bishiya, don gadi kawai, tunda an san akwai masu ɗauke fartanyoyi a yankin nan. Ɗanbaba ya wuce ya gan mu, ni da ita. Ya je wajen babur ɗinsa, ya ɗan tsaya, ya laluba aljihu, ya zura makulli, ya koma gona.

Sai bayan azahar Mika'ilu ya dawo, maganin feshi ya je saye. Ya miƙo mini kwalbar fetur. Na ce ya bar ta. Ya ce a'a, Baba, ƙa'ida ce. Na karɓa. Ya ce birkin baya yana so a duba, na ce tun zamansa a kotu yake haka, ya ce ai zaman can yana taɓa birki. Ya zare fartanyarsa ya saɓa. Wannan karon ya dube ni kafin ya tafi.

Tunda hukuma ta yi sakaci da aikinta a kaina, kotun wannan littafi ta zauna da yammacin yau, ni ne alƙali, ni ne mai gabatar da ƙara, Rekiya ce masinja ba da saninta ba. An samu Garzali ɗan Abdulsamad da laifin ɗauke fartanyar da ba tasa ba, ba tare da ya bar komai a gurbinta ba. An ci shi tarar kwalbar fetur ɗaya, wadda zai rataya a reshen darbejiya gobe da safe don amfanin duk wanda larura ta kama. Kuma ba wadda aka ba shi yau ba. Kotu ta lura yana shirin yin haka.